Shin doka ta kare mai faɗin maganar da ke ɓata wa jama'a rai?

Malam Nasiru:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in ajiye wata tambaya a gabanku wadda kusan kowa yakan amsa ta da sauri, sai dai amsar takan canza gwargwadon wanda aka toshe wa baki. Shin 'yancin faɗin albarkacin baki ya kamata ya haɗa har da maganar da yawancin jama'a suke ƙyama, ko wadda take ɓata wa wasu rai matuƙa? Ni a ganina ya kamata, domin maganar da kowa ya yarda da ita ba ta bukatar doka ta tsaya mata, tun da babu wanda zai kai mai faɗin ta gaban alƙali. Amfanin kariyar yana bayyana ne ranar da mutum ɗaya ya miƙe ya faɗi abin da dubban mutane ba sa son ji.

A majalisar wakilan Amurka, daga 1836 zuwa 1844, akwai ƙa'idar da ta hana a tattauna duk wata takardar koke da ta shafi bautar da mutane, kuma jihohin kudu sun haramta yaɗa rubuce-rubucen masu neman a soke ta. A 1837 wani gungun mutane ya kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a garin Alton na jihar Illinois, yana tsaye yana kare injin da yake buga jaridarsa da shi. A wancan zamani, cewa bawa mutum ne mai 'yanci kamar ubangidansa ita ce maganar cin fuska, kuma waɗanda suka hana ta sun yi imani cewa zaman lafiya suke kiyayewa. Wannan ne ya sa nake jin tsoron duk dokar da za ta hukunta mutum don kawai maganarsa ta yi wa wasu zafi.

Hajiya Rabi:

Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Misalinka mai ƙarfi ne, amma ka zaɓi wanda a cikinsa mai maganar da ake ƙyama shi ne mai gaskiya, alhali galibi ba haka abin yake ba. Magana zarar bunu ce, kuma akwai wadda idan ta fita ba kunnuwa kaɗai take taɓawa ba. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya fara watsa shirye-shirye a 1993, da kiɗan da matasa suke so da barkwanci, yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Da kisan ya ɓarke a watan Afrilun 1994, masu gabatar da shirye-shiryen sun riƙa karanto sunayen mutane da unguwanninsu da lambobin motocinsu, su kuma 'yan bangar da ke kan shingayen hanya suna riƙe da rediyo a hannu ɗaya da adda a ɗaya hannun. An kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta samu jagororin RTLM, Ferdinand Nahimana da Jean-Bosco Barayagwiza, da mai jaridar Kangura, Hassan Ngeze, da laifi, alhali makaminsu makirufo ne da jarida. Me za ka ce wa wanda ya ji an kira sunansa a wannan rediyo?

Barista Aminu:

Hajiya, ina ganin ku biyun ba ku yi nisa da juna kamar yadda kuke zato ba, domin babu wani tsarin shari'a a duniya da yake kare abin da RTLM ya yi a 1994. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa, ta 1966, ya tabbatar da 'yancin magana, ya kuma yarda a taƙaita shi bisa doka idan hakan ya zama dole don kare haƙƙi da mutuncin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko lafiyarsu, ko tarbiyyarsu. Sashe na 20 kuwa ya wajabta wa ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa ko launin fata ko addini idan ta kai matsayin tunzura mutane ga wariya ko gaba ko tashin hankali. Wurin da ake taƙaddama shi ne inda ɓata rai ya ƙare, tunzurawa ta fara.

Masanin falsafa ɗan Ingila John Stuart Mill ya ba da misali a 1859 wanda har yanzu ake koyar da shi. Idan mutum ya rubuta a jarida cewa dillalan hatsi su ne suke kashe talakawa da yunwa, a bar shi da ra'ayinsa. Amma idan ya faɗi wannan maganar ga taron da ya fusata a ƙofar gidan wani dillali, ya cancanci hukunci. Kalmomin ba su canza ba, wurin da lokacin ne suka canza. Kotun Ƙolin Amurka ta bi wannan hanya a shari'ar Brandenburg ta 1969, inda ta soke hukuncin da aka yi wa wani jagoran ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan, ta ce ba za a hukunta magana ba sai idan an yi ta da nufin haddasa karya doka nan take, kuma akwai yiwuwar hakan ya faru. Tsarin Rabat na 2012, jagorar da ƙwararru suka tsara ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan maganar ƙiyayya, ya faɗaɗa ma'aunin: alƙali ya duba yanayin da ake ciki, da matsayin mai maganar, da niyyarsa, da abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, da nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta jawo cuta. Idan aka ɗora RTLM a kan wannan ma'auni, ko ɗaya ba zai tsallake ba. Kuma kada mu manta cewa wannan rediyo ba muryar wani marar galihu ba ce; na kusa da fadar shugaban ƙasa ne suka kafa shi suka zuba masa kuɗi.

Hajiya Rabi:

Barista, abin da ke damuna da sharaɗin "nan take" shi ne yana sa a jira har lokacin da jiran ba shi da sauran amfani. Jaridar Kangura ta buga abin da ta kira dokoki goma na Hutu tun a watan Disambar 1990, inda ta ce duk ɗan Hutun da ya auri mace 'yar Tutsi ko ya yi kasuwanci da ɗan Tutsi maci amana ne. Fiye da shekara uku kafin kisan ke nan, kuma a ranar da aka buga ta babu taron da ya fusata a ƙofar gidan kowa. Mutum ba ya wayar gari ya sari maƙwabcinsa. Sai an ɗauki shekaru ana cire masa tausayin maƙwabcin daga zuciya. Ko da kisan ya kankama, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire, ya nemi a toshe zangon rediyon, amma jami'an Amurka suka ƙi, suna kafa hujja da tsadar aikin da matsalolin shari'a.

Jamusawa sun ga irin wannan da idonsu. An rataye ɗan Nazi Julius Streicher a 1946 bayan shari'ar da aka yi wa shugabannin Nazi a Nuremberg saboda abin da ya shafe shekaru yana bugawa a kan Yahudawa a jaridarsa. Shi ya sa yau sashe na 130 na dokar hukunta laifuka ta Jamus ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga mai tunzura ƙiyayya ko mai musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi. Ban ga wanda zai ce Jamus ƙasar kama-karya ce saboda wannan doka ba.

Malam Nasiru:

Hajiya, ban raina wannan hujja ba ko kaɗan, amma labarin Jamus yana da ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Kafin 'yan Nazi su hau mulki a 1933 akwai dokokin hukunta cin zarafin addini da ɓata suna, kuma an yi amfani da su. An gurfanar da Streicher sau da dama, har ya yi zaman kurkuku. An hana Hitler yin jawabi a bainar jama'a a Bavariya daga 1925 zuwa 1927, sai jam'iyyarsa ta buga hotonsa da baki a liƙe tana nuna wa mutane cewa gaskiyarsa ake tsoro. Kotu ta zamar musu dandalin talla. Abin da ya ba su dama shi ne 'yan dabarsu suna dukan mutane da kashe su a kan titi, alƙalai suna yi musu sassauci.

Babbar damuwata kuma ita ce hannun da dokar za ta faɗa. Mai rubuta doka yana tunanin mugun da yake son kamawa, amma mai aiwatar da ita shi ne wanda yake kan mulki, kuma shi abin da ya fi ɓata masa rai shi ne suka. Indiya ta yi sashe na 66A na dokar fasahar sadarwa don hukunta saƙonnin da suka yi muni ƙwarai. A 2012 aka kama wata budurwa saboda ta rubuta a Facebook tana tambayar dalilin da ya sa aka tsayar da harkokin birnin Mumbai don rasuwar wani jagoran siyasa, aka haɗa da ƙawarta da ta danna alamar so kawai. Sai a 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sashen. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, a farkon Janairun 2020, 'yan sanda sun kira likitan ido Li Wenliang saboda ya gargaɗi abokan aikinsa game da wata sabuwar cuta, suka ajiye masa takarda da ke cewa ya yaɗa maganar ƙarya da ke dagula zaman jama'a, ya sa hannu ya dangwala yatsa yana alkawarin dainawa. Ya koma asibiti ya ci gaba da aiki, cutar ta kama shi, ya rasu a watan Fabrairu. Gwamnatin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu ta sa wa ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata Steve Biko takunkumi a 1973, ta hana shi zama da fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, ta kuma haramta wa jaridu ɗauko ko kalma ɗaya daga bakinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hukumomi da ta ce tana yaƙi da gaskiya. Kowacce cewa ta yi tana kare jama'a daga magana mai cutarwa.

Malam Isyaku:

'Yan'uwa, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin ana kewaye wani abu da ya fi ci wa mutane da yawa tuwo a ƙwarya. Ƙasashen da suka fi yi wa duniya lacca kan wannan 'yanci su ma suna da abubuwan da ba a taɓawa. Faransa ta yi dokar Gayssot a 1990 don hukunta musanta kisan Yahudawa, Ostiriya kuma ta yanke wa marubuci ɗan Birtaniya David Irving ɗaurin shekara uku a 2006 kan wannan laifi. Ban ce a bar mai musanta kisan kiyashi ya ci karensa babu babbaka ba. Tambayata ita ce, idan zafin da Bayahude yake ji ya isa a yi doka, me ya sa zafin da Musulmi yake ji idan aka ƙona Alƙur'ani a gaban masallaci ko ofishin jakadanci, da 'yan sanda suna gadin mai ƙonawar, bai isa ba? Wane ra'ayi ne ke cikin ƙona littafi? Mai ƙonawa bai kawo hujja ba balle a mayar masa da hujja, wulaƙanci kawai ya zo da shi. Alƙur'ani kansa, a aya ta 108 ta Suratul An'am, ya hana Musulmi zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Denmak ta soke dokarta ta saɓo a 2017, amma a watan Disambar 2023 sai da ta dawo ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki a bainar jama'a, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Ashe ke nan su ma sun gane cewa akwai iyaka.

Malama Zainab:

Malam Isyaku, na yarda da kai cewa ma'aunin da ake amfani da shi a Turai ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya musanta hakan bai yi adalci ba. Ƙona Alƙur'ani yana ƙona mini zuciya kamar yadda yake ƙona maka. Inda na rabu da kai shi ne wajen magani. Idan muka ce kowace al'umma a ba ta dokar da za ta kare abin da take tsarkakewa, to wanda ya fi yawa a kowace ƙasa shi zai yanke abin da ake kira ɓatanci, kuma Musulmi ba su ne masu rinjaye a ko'ina ba. Aƙidar tauhidi kanta, idan aka faɗe ta a fili, tana ɓata wa mabiya wasu addinai rai, kamar yadda aƙidarsu take ɓata mana. A ƙasar da Musulmi suke tsiraru, dokar hana ɓata ran mabiya addini tana iya zama igiyar da za a ɗaure mai wa'azi da ita.

Tarihinmu ma ya isa ya koya mana tsoron miƙa wa mai mulki ikon tantance abin da za a faɗa game da addini. A shekarar 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su amince cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma a zamanin Mu'utasim aka ɗaure Imam Ahmad bin Hanbal aka yi masa bulala saboda ya ƙi. A idon fadar Bagadaza shi ne mai ra'ayin da ba a so. Annabawa da kansu, a wurin mutanensu, masu aibata gumakan kakanni ne, kuma da wannan tuhuma aka kore su aka jefe su.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da doka ta ƙyale da abin da ya dace. Ina da ikon in ƙaurace wa mai zagi, in ƙi sayen jaridarsa, in yi zanga-zangar lumana, in kira shi marar mutunci a gaban kowa, kuma duk wannan yana cikin 'yancin da muke magana a kai. Abin da ba ni da shi, kuma babu wanda yake da shi, shi ne ikon ɗaukar dutse ko fetur in zama mai ƙara da alƙali da hauni a lokaci ɗaya.

Malam Isyaku:

Malama, a kan ɗaukar doka a hannu ba mu da saɓani, domin wanda ya kashe mutum a kan zargi ya aikata kisan kai, kuma ya zubar da mutuncin abin da yake cewa yana karewa. Amma ban gamsu cewa ƙauracewa ta isa ba. Wanda ya ƙona littafin mutane a unguwarsu yana gaya musu ne cewa ba su da matsayi a ƙasar, yana kuma gaya wa masu ƙinsu cewa an buɗe musu ƙofa. Dokar Denmak ba ta hana sukar Musulunci da baki ko da alƙalami ba, aikin wulaƙanta littafin ta hana. Idan an iya tsara doka mai ƙunci haka, ban ga dalilin da za a ce ba ta yiwuwa ba.

Barista Aminu:

Wannan bambanci da Malam Isyaku ya kawo yana da tushe a shari'a, kuma Turai ta daɗe tana tangal-tangal a kansa. A shari'ar Handyside ta 1976, wadda wani mawallafi da aka hukunta kan littafin da ya buga ya shigar, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce 'yancin magana ya shafi har ra'ayoyin da ke ɓata rai ko girgiza mutane ko tayar musu da hankali, amma duk da haka mai ƙarar ne ya sha kaye. A 2018 kotun ta goyi bayan Ostiriya kan tarar da ta ci wata mata da ta aibata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amurka kuwa ta tsaya a ɗaya gefen: a 1989 Kotun Ƙolinta ta kare wanda ya ƙona tutar ƙasar, a 2011 kuma, da rinjayen alƙalai 8 da 1, ta kare 'yan wata coci da suke zuwa kusa da wurin jana'izar sojoji da allunan zagi. Za a iya cewa ma'aunin Amurka yana da tsauri a kan wanda aka zaga, amma aƙalla ba ya bambanta mai zagin tuta da mai zagin littafi. Ni dai idan aka ce in zaɓa, na fi natsuwa da dokar da ke tambayar wa za a cutar kuma ta wace hanya, a kan wadda ke tambayar ran wa ya ɓaci, domin ta farko ana iya kawo shaida a kanta a kotu, ta biyun kuwa wanda ya fi ƙarfin murya ne yake cin ta.

Hajiya Rabi:

To, Barista, bari in gwada ma'aunin naka da abin da ke faruwa yanzu. Duk shari'o'in da kuka ambata sun ginu ne a kan mutum ɗaya da aka sani, yana magana a wuri ɗaya. A Myanmar an shafe shekaru ana yaɗa ƙarya da zagi a kan Musulmin Rohingya a Facebook, daga ɗaruruwan shafuka, wasunsu jami'an soja ne ke tafiyar da su da sunayen bogi. Daga watan Agustan 2017 fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh, kuma a 2018 kamfanin da kansa ya amince cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura tashin hankali. Babu saƙo ɗaya da za a nuna a ce shi ne ya jawo, tarinsu ne ya jawo. Wa alƙali zai gurfanar?

Malama Zainab:

Hajiya, a nan ina tare da ke, kuma ina ganin amsar ba ta bukatar a taɓa bakin mutum ɗaya mai ra'ayin da ba a so. Manhajojin waɗannan kamfanoni suna tura wa mutane abin da ya fi tsayar da su a kan waya, kuma fushi yana cikin abubuwan da suka fi tsayar da mutum, don haka kamfanin yana samun kuɗin talla daga yaɗuwar saƙon da bai rubuta ba. Barin mutum ya faɗi maganarsa daban, ɗaukar maganar a kai wa miliyoyin da ba su neme ta ba daban, kuma na biyun aikin kamfanin ne da ya kamata ya amsa tambaya a kansa. Ya kamata a tilasta musu su ɗauki isassun ma'aikata masu jin harsunan da ake rubutu da su, su rufe shafukan bogi da hukumomi ke tafiyarwa, su kuma buɗe wa masu bincike yadda manhajar take zaɓen abin da take yaɗawa.

Barista Aminu:

Ina goyon bayan buɗe wa masu bincike da rufe shafukan bogi, Malama, amma a yi hattara da hanyar tara. Dokar da Jamus ta yi a 2017, kafin a soke mafi yawanta a 2024, ta ba manyan kamfanonin sada zumunta awa 24 su goge saƙon da ƙarara ya saɓa doka, tare da tarar da za ta iya kai Yuro miliyan 50 ga kamfanin da ya kasa kafa tsarin yin hakan. Kamfanin da aka ce zai biya tara idan ya bar saƙo, amma ba zai biya komai ba idan ya goge shi bisa kuskure, duk abin da ya yi shakka a kansa zai goge, kuma mai yanke hukuncin ma'aikaci ne da ke duba ɗaruruwan saƙonni a rana, ba alƙali ba. Idan za a ci tarar barin saƙon tunzurawa, to dole wanda aka goge wa saƙo ya samu sanarwa da dalili da wurin ɗaukaka ƙara a wajen kamfanin, musamman masu ɗora hotunan ta'asar da ake yi wa mutanensu, waɗanda na'urar tacewa takan ɗauki shaidarsu a matsayin yaɗa tashin hankali ta share.